Abin da na binne a cikin bango

Wata bakwai na yi a hannun maigidana kafin ya bar ni na taɓa waya. Ni da na zo da burin in riƙa yawo da tasta a aljihun gaba ana nuna ni ana cewa ga mai gyaran wuta nan, sai ga ni da guduma da cizal ina sassaƙa bulo tun safe har la'asar, kaina fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗinkin hannu yake yi a cikin birnin Zazzau, irin na manyan riguna, aska biyu da aska takwas. In aka kawo masa riga a ce ya faɗi kuɗinta, ba ya duban gabanta, juya ta yake ya dubi cikin ɗinkin. Ya so in gaje shi, amma ni ba ni da zaman allura. Da na gama sakandare a 1999, shekarar da soja suka miƙa mulki, babu halin ci gaba, sai ya sa ni gaba muka fita ta Ƙofar Doka, muka ratsa Tudun Wada, muka haye Kubanni zuwa Sabon Gari, wurin wani dattijo abokinsa da kowa ke ce wa Baba mai wayarin. Bayan gaisuwa, abin da ya ce masa bai wuce wannan ba: "Ga ɗanka nan, amana na kawo maka." Baba ya dubi hannuwana, bai ko dubi fuskata ba, ya ce in zo gobe bayan sallar asuba.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, wayarin iri biyu ne. Akwai na waje, wanda ake bin bango da waya ana kafe ta da kilif, kowa yana gani. Akwai kuma na ciki, wanda muke ce wa kondit: a fasa bango a kwantar da fayif, a shimfiɗa wani a kan katakon dekin kafin a zuba kankare, birkila ya zo ya rufe da filasta, sai bayan watanni, wani lokaci shekaru, a dawo a zura waya. Tsakanin ranar da ka kwantar da fayif da ranar da waya za ta bi ta cikinsa, babu mai sanin abin da ka yi sai kai da Allah.

Baba ya koyi aiki ne a zamanin fayif ɗin ƙarfe, lokacin da ake ta manyan gine-gine a Samaru da Kongo a shekarun 1970. Da na roba ya zo ya cika kasuwa, bai ƙi shi ba, amma ya ci gaba da yi masa irin ladabin da yake yi wa ƙarfe. Ranar da ya fara miƙo min sifirin ba zan manta ba. Wani dogon murɗaɗɗen ƙarfe ne da ake zurawa cikin fayif don kada ya lotse in ana tanƙwara shi, na 20 daban, na 25 daban. Za ka ɗaura masa igiya a gindi, ka auna, ka yi alama, ka zura shi har tsakiyarsa ta zo daidai alamar. Sai ka ɗora fayif a gwiwa ka riƙa jan bakin biyu a hankali, kana ɗan gusar da gwiwar don kada duk nauyin ya taru wuri guda. Kuma sai ka ɗan wuce inda kake so, domin roba tana da taurin kai, kana saki za ta koma baya kaɗan. In ka gama, ka murɗa sifirin kana ja, ya fito.

A baki kamar wasa. Na farko da na yi ya maƙure kamar wuyan kaza. Na biyu ya yi fari a bayan kwanar, alamar robar ta wahala. Na uku kuwa ya karye ɓas, domin lokacin hunturu ne, kuma wanda ya san sanyin Zariya a watan Janairu ya san ko roba ƙanƙamewa take yi. Baba ya ɗauki tsumma ya goge wurin da ƙarfi har ya yi ɗumi, ya ɗora a gwiwarsa, kafin in ƙifta ido ga kwana ta fito sumul. Ya ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuma sai ka lallashe shi."

Yana da wani ɗan ƙwallon boris da ba ya rabuwa da shi a aljihu. Duk kwanar da yaro ya yi, sai ya jefa ƙwallon ta baki ɗaya ya karkata fayif. In ya gangaro ya faɗo tafin hannunsa, sai ya ce, "To." Iyakar yabonsa ke nan, kuma mukan kwana muna jin daɗin wannan "to" ɗin. In ya tsaya a ciki, zarto zai miƙo maka ka yanke da kanka, kuɗin fayif kuma a cikin na abincinka.

Dokokinsa ba su da yawa. Kada kwana ta wuce biyu tsakanin bokis da bokis. In hanya ta buƙaci ta uku, a sa wani bokis. Kada a cusa waya ta cika fayif, a bar mata wurin numfashi. Kowane haɗi a sa masa gam. Kowane baki a toshe shi da takardar siminti kafin birkila ya iso. Sai daga baya, da nake shirin jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, na tarar da maganganunsa a takarda da lissafinsu: kada waya ta cinye fiye da kashi 40 cikin ɗari na cikin fayif, kuma buɗin kwana daga ciki kada ya gaza kaurin fayif sau biyu da rabi, wato milimita 50 ga na 20. Shi bai taɓa faɗa min waɗannan lambobin ba. A gwiwarsa lissafin yake.

Akwai kuma wata ɗabi'arsa da nake gani a lokacin ɓarnar kuɗi ce kawai. Duk gidan da ya yi, sai ya ƙara fayif guda na 25 daga allon rarraba wuta ya hau da shi har cikin silin, babu abin da zai ɗauka. Ya zura masa waya daga baki zuwa baki, ya yi mata wani ƙulli mai kunne biyu a baki, ya toshe. Ba ya sa shi a lissafin mai gida. Na taɓa tambayarsa, na ce, "Baba, wannan na mene ne?" Ya ce, "Na wanda zai zo bayanmu."

Aikin da ya sa na ƙaunaci sana'ar nan a wani babban sito ne da ake mayarwa wurin injinan casar hatsi, ta wajen Ɗanmagaji. Can babu binnewa, komai a fili, kuma ƙarfe aka ce a sa saboda ɓera da zafi da bugun buhuna. Nan na ga ainihin Baba. Ƙarfe ba ya yafiya. Roba in ka yi kuskure kaɗan za ka iya lallaɓa ta, ƙarfe kuwa in ya lanƙwashe ya lanƙwashe. Za ka yanka da zarto, ka bi cikin bakin da magagari ka cire ƙaiƙayin da zai iya fere waya, ka damƙe a bais, ka shafa mai, ka yanka masa tiredi da dais. Kuma dole kowane haɗi ya ɗauru tam, domin jikin fayif ɗin kansa shi ne hanyar da wuta za ta bi ta tsere ƙasa in an sami matsala.

A nan ya koya min tsallake, wato yadda fayif zai ɗaga ya haye wani abu ya ci gaba a miƙe. In za ka karya a digiri 30, sai ka auna tsayin abin da za ka haye ka ninka biyu, shi ne tazarar alamominka. Tudun santimita 10, alama da alama santimita 20. In a 45 ne, ka ninka da 1.4. Wahalar ba a lissafin take ba, tana wurin juya fayif a yi karya ta biyu ta zauna layi ɗaya da ta farko. In ta kauce ko da kaɗan, kana kwantar da shi a ƙasa za ka ga ƙafa ɗaya ta ɗaga kamar kare zai yi fitsari, duk wanda ke wurin sai ya yi maka dariya.

Amma abin da har yau nake gani in na rufe ido shi ne fayif shida da suka taso daga allo a jere, za su sha kwana tare su bi dogon bango. Malalaci zai karya su duka a kan ma'auni ɗaya, su je kwanar su cunkushe, tazara ta lalace. Baba ya sa aka share daɓe, ya kafa ƙusa, ya ɗaura zare da alli, ya zana baka shida, kowane ya fi na cikinsa faɗi. Sannan ya riƙa karya kowane fayif kaɗan-kaɗan, ya ɗan danna, ya gusa, ya ɗan danna, ya kwantar a kan zanen, ya ɗaga, ya ƙara. Yini biyu muka yi a kan kwanar nan kaɗai. Ɗan kwangila yana ta zarya yana duba agogo, yana cewa wuta dai ba ta san kyau ba, ko ta wace hanya bi za ta yi. Baba bai tanka masa ba. Da aka ɗaura su a bango, sai ka ce da tsinken tsifa aka shata su. Na ga masu wayarin daga Tudun Wada da Samaru sun zo a kan babura, ba aiki ya kawo su ba, kallo kawai. Wani ya sa yatsu biyu tsakanin fayif da fayif ya bi kwanar tun daga farko har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce, "Tsohon nan ba dama."

Wata Juma'a bayan an idar da salla a masallacin ƙofar fada, ya ja ni muka leƙa tsohon ginin ƙasa da ke ciki, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. Ya nuna min bakan gizon da ke riƙe da rufin, ya ce in faɗa masa abin da ya tallafe su. Na ce ƙasa. Ya ce azara ce a ciki, an jera ta gaɓa-gaɓa, an lulluɓe. Bai ƙara komai ba, muka fito neman takalmanmu.

Na so a ce labarin ya tsaya a nan.

An yaye ni bayan shekara shida, daidai lokacin da NEPA ta koma PHCN, sunan ya canza, ɗauke wuta bai canza ba. Na yi ƙananan ayyuka, sannan Baba da bakinsa ya haɗa ni da wani Alhaji mai gina bene ta wajen Hanwa. Aikina na farko mai girma. A lokacin ana shirin sa min rana, ga lefe ban haɗa ba, ga kuɗin ɗaki. Da aka ba ni kuɗin kaya na shiga kasuwar Sabon Gari, mai shago ya nuna min fayif iri biyu: mai kauri, da wani sakayau da in ka matsa da yatsa yake lotsawa. Bambancin kuɗinsu a gida guda ya kai atamfa huɗu. Na tsaya, na yi lissafi, na ce a ɗaure min sakayau.

Shi kuma irin wannan ba ya jure sifirin, yana ganin gwiwa yake naɗewa. Sai na yi abin da na sha ganin wasu suna yi, wanda da Baba ya kama yaro yana yi, ranar zai bar shagon: na cinna wa takardar siminti wuta, na riƙa gasa fayif ina tanƙwarawa. Da wuta aiki yana sauri, kwana ashirin kafin shayi ya huce. Daga waje za ka ga ta yi kwana, ciki kuwa ta tsuke, ta yi ƙunci, wani wurin har ta manne. Gam ma na ce ai kankare zai riƙe. Ranar zuba dekin kuma, maimakon in tsaya a kan aikina, na tafi kai kayan sa rana. Lebura suka yi ta bi da baro da kwanon kankare a kan fayif, mai injin girgiza ya zo ya ƙarasa abin da ya rage.

Wata tara ban ji komai ba. An yi filasta, an yi fenti, an sa tayil, aka kira ni zura waya. Na tura fishin tef, wato doguwar tsirkiyar da ake jawo waya da ita, a bokis na farko, ya shige. Na biyu, ya shige. Na uku ya yi tafiyar kamu biyu ya tsaya cik. Na ja, na tura, na murɗa, ko gezau. A falo kaɗai wuri biyar suka toshe. Inda ya yarda ya wuce da ƙyar, sai na shafa wa waya sabulu, na sa yara biyu suka ja da ƙarfin tsiya. Na ji lokacin da wata ta karce a ciki. Wallahi na ji, a hannuna na ji. Na yi shiru, na haɗa soket, na gwada, wuta ta kawo, na karɓi cikon kuɗina.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Damina na sauka bango ya sha ruwa, bireka, wato makunnin da ke yanke wuta in an sami matsala, ta fara faɗuwa. Wani ya ba su shawara suka sa babba, wadda ba ta faɗuwa. Ran nan ƙaramar 'yar Alhaji ta dafa bangon banɗaki da jiƙaƙƙen hannu, wuta ta fizge ta ta yar. Allah ya yi da sauran kwananta. Har yau in na tuna cewa da wani labarin ake yi, sai in ji abinci ya fita raina.

Alhaji bai kira ni ba, Baba ya kira, tunda shi ya kawo ni. Na iso na same su a tsaye a falo. Alhaji yana faɗa, yana cewa zai kai ni wurin 'yan sanda, kuma yana da gaskiya. Baba ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ni na ce maka ya iya, laifin nawa ne." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya kashe wutar gidan, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa, ya karɓi guduma ya fasa wuri guda. Ya zaro wata kwana baƙa ƙirin, a tsuke, ga jar waya a feɗe a cikinta, tagulla a waje. Ya juya ta a hannunsa, ya ciro ƙwallon boris ɗinsa, ya dube shi, ya mayar aljihu bai ko gwada ba. Sai ya miƙo min ita. "Riƙe. Taka ce."

Abin da ke cikin bango mun fasa mun sake. Abin da ke cikin dekin kuwa ba ya fasuwa, dole muka bi ta waje da farar kwasfa, a kan sabon fentin mutum, a falon da ya kashe dukiya don kada a ga waya ko ɗaya. Kwana tara muka yi, Baba yana hawa tsani da shekarunsa, bai karɓi ko sisi ba, kuma bai yi min maganar ba ko sau ɗaya. Na sayar da babur ɗina Jincheng na biya kaya da birkila da mai fenti. Aka ɗaga bikina zuwa bayan babbar salla. Mahaifina da ya ji, cewa ya yi, "Ashe ba ka juya rigar ba." Ita uwargida sai da muka shekara uku na iya ba ta labarin dalilin ɗagawar.

Kwanar nan tana rataye a shagona har yanzu, kusa da sifirin. Duk yaron da aka kawo min, ita nake fara ba shi ya riƙe, kuma ina gaya masa wanda ya yi ta.

Ba zan ce muku daga nan arziki ya buɗe ba. Aiki nawa ya wuce ni saboda na ce sai mai kauri, wani ya zo ya yi rabin kuɗina. Masu gida da yawa sun fi son su kashe kuɗi a kan fitilar ado da za a gani, su matse a kan abin da zai shiga bango, har wani ya taɓa ce min, "Malam, wa zai fasa ya duba?" Birkiloli kuma suna ce min mai tsirfa, don ranar zuba dekin tun asuba ina sama, ina shimfiɗa katako inda baro zai bi, ina bin bayan mai girgiza kamar mai tsaron gona. Na fi ganin laifinmu mu masu sana'a a kan na masu gida. Shi bai san me ke faruwa a cikin fayif ba, mu mun sani.

Yaran yanzu kuwa, masu ɗora hoton aikinsu a Facebook da TikTok, wasu tsofaffinmu suna musu kallon 'yan burga. Ni ina jin daɗinsu. Yaron da ke son a ga kwanarsa ta fito sumul ya fi wanda ba ruwansa. Ni ma yanzu kafin a yi filasta sai na ɗauki hoton kowane bango na tura wa mai gida, don gobe in zai kafa ƙusa ya san inda fayif ya bi. Aikin sola ma ya dawo mana da fayif fili, inda hannun kowa ke nuna kansa.

Baba ya rasu shekara takwas ke nan. Ƙwallon boris ɗin yana wurina, iyalinsa suka aiko min da shi cikin ƙullin leda.

Bara da azumi aka kira ni wani gida a Tudun Jukun, za a sa sola. Magada ne, ba su san wanda ya yi wayarin gidan ba, sun ce tun suna yara ne. Matsalar ita ce yadda waya za ta sauko daga rufi zuwa allo ba tare da an fasa bango ba, ga tayil har sama, matar gidan kuma ta rantse ba mai taɓa mata shi. Na kwance murfin allon ina haska fitilar waya. Wayoyin tsofaffi ne, ja da baƙi da kore, ba irin ruwan ƙasa da shuɗi na yanzu ba, amma a jere suke kamar an taje su. Can a kusurwar dama ta sama sai na ga bakin fayif na 25, an toshe shi da takardar siminti da ta zama ruwan toka. Na sa filaya na zaro takardar. Bakin waya ya biyo ta, da ƙulli mai kunne biyu.

Na tura yarona cikin silin na ce ya lalubi ɗaya bakin ya ɗaura sabuwar waya. Ya ƙwala min kira ya ce ya ɗaura. Na naɗe ƙullin a yatsa biyu na ja. Ta taho sululu, ko tirjiya babu, kwana biyu na ji ta sha a hanya, har kanta ya leƙo tafin hannuna.

Na zauna a kan bokitin fenti. Yaron ya sauko duk yanar gizo a kansa, ya dube ni ya ce, "Oga, lafiya? Ko azumin ne?"

Na ce masa azumin ne, ya miƙo min salatif.